Wai laifin wa ne abin da ya samu Mets a kakar besbol ta 2025, manaja ko 'yan wasa ko mai cefanen?

Direban_Queens

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka sani, amma na ga akwai 'yan nan Amurka da ke leƙowa, to don Allah masu bin besbol ku zo ku raba mana gardama ni da yarona, kusan sati guda kenan gidan ba daɗi.

Ni ba da son wasan nan na taso ba, na fi shekara goma ina tuƙin tasi a New York ina sauke mutane a bakin Citi Field, filin ƙungiyar Mets, ban taɓa sanin me suke yi a ciki ba, kawai dai na san ranar wasa akwai fasinja kuma akwai gosulo. Yaron ne ya jawo ni, shi a nan aka haife shi, tun yana firamare yake Mets Mets, ni kuma don kar a bar ni a baya na fara zama muna kallo yana min bayani, wannan mai jifa ne wannan mai sanda ne waccan tasha ta ɗaya, to ka ga yanzu abin ya shiga jinina har na fi shi zafi wani lokacin.

Ga abin da ya faru ga wanda bai bi ba. Gab da kakar bana ta 2025 Mets sun ɗauko Juan Soto kan dala miliyan 765 na shekara 15, ba a taɓa ba ɗan wasa irin wannan kuɗin ba, albashin ƙungiyar gaba ɗaya ya kai wajen miliyan 340. Ran 12 ga Yuni sun ci wasa 45 an ci su 24, duk Amurka babu wanda ya kai su. Daga nan sai abin ya juye, suka ci 38 aka ci su 55, suka ƙare da 83 da 79. Ranar ƙarshe abin da ake nema kawai su ci Marlins a Miami, don Reds da muke kokawar gurbin ƙarshe na shiga wasannin neman kofi da su an ci su a ranar, wlh Allah ya buɗe mana ƙofa har bango, amma aka yi mana 4 da nema. Ina cikin mota na faka kusa da filin jirgin LaGuardia ina ji a rediyo, yaron yana gida yana ta bugo min waya, lokacin da tashoshi uku suka cika ɗan wasanmu Pete Alonso ya narka wa ƙwallon sanda na ce shikenan mun dawo, har na buga sitiyari oda ta tashi, sai kawai mai tsaron hagu ya ruga ya cafke. Da na koma gida na tarar ya cire hular Mets ɗin ya cilla bayan kujera, har yau tana can babu wanda ya ɗauko, uwar ma shara take yi ta kewaye ta.

To shi ya ce a kori manaja Carlos Mendoza, wai bai iya canjin masu jifa ba. Ni kuma zuciyata ta fi karkata kan David Stearns da ya haɗa ƙungiyar. Sai ga shi an ce Mendoza na nan daram, mataimakansa aka sallama, kocin jifa da na bugu. Shin wannan adalci ne ko dai an samu marasa gata ne aka ɗora musu jakar tsaba?

BabanHanan_Kano

Wa alaikumussalam Alhaji. Ni fa ban san kan wannan wasan naku ba, na taba gani a tashar dish mutum ya tsaya da gora yana ta tofar da yawu, minti biyar ba a yi komai ba na canza tasha. Amma dai wasa wasa ne, an ba ka yan wasa na miliyan dari uku da wani abu ka kasa shiga ko cikin wadanda za su nemi kofi, ai ko tambaya babu koci ne zai tafi. Yaronka ya fi ka gaskiya. Da Chelsea ce wlh tun watan takwas an ba shi takardarsa, kuma naji ance mai Chelsea din ma Boehly yana da hannun jari a wata kungiyar ta wannan wasan, ku ara masa taku na wata daya ku gani.

Injiniya_Jersey

Baban Hanan Dodgers ce ƙungiyar da kake nufi, kuma abin dariyar shi ne su Dodgers ɗin manajansu Dave Roberts tun 2016 yake nan ba su taɓa shi ba, duk da sau nawa magoya baya suna ihun a kore shi. Nan ma kaɗai ya isa ya nuna maka bambancin wasannin biyu.

A ƙwallon ƙafa koci ne ke zana yadda za a yi wasa, ya ce a matsa gaba ko a koma baya, mutum sha ɗaya suna motsi da tunaninsa. A besbol ba haka ba ne, kowane lokaci mutum ɗaya ne da ƙwallo mutum ɗaya da sanda, manaja ba shi da abin da zai yi wa Soto idan ya tsaya gaban mai jifa. Aikinsa ya jera sunayen masu bugu, ya san lokacin da zai cire mai jifa ya sa wani, ya riƙe zaman lafiyar ɗakin 'yan wasa tsawon wasa 162, ya fuskanci 'yan jarida kullum. Kuma yanzu ma jerin sunayen da yawancin shawarwarin tare da mutanen ofis masu kwamfuta ake yin su kafin a fito fili. Wanda ke saye da sayarwa shi ne Stearns, wanda ke biya Steve Cohen.

Alhaji Direba ni ina bayanka, kuma ga dalilina. Ka duba masu fara jifa da aka shiga shekarar da su. Sean Manaea an ba shi miliyan 75 na shekara uku, ya ji ciwo tun a atisaye bai dawo ba sai Yuli kuma da ya dawo ba shi ba ne. Frankie Montas miliyan 34 na shekara biyu, shi ma ciwo tun kafin a fara, ya dawo ana ta jibgarsa daga ƙarshe gwiwar hannu ta tafi. Clay Holmes mutumin da ya saba fitowa zagaye ɗaya kacal cikin zagaye tara na wasa, can a ƙarshe, a Yankees aka ce ya koma mai farawa, ya yi ƙoƙari gaskiya amma jikin da bai saba ɗaukar buhu ba ba za ka ɗora masa na wata shida ka ce ba zai sunkuya ba. Griffin Canning jijiyar agara ta tsinke a Yuni. Sai Kodai Senga, wanda shi ne ƙashin bayan tafiyar, a daidai wannan rana ta 12 ga Yuni da ka ambata ya ruga tasha ta ɗaya ya yi tsalle zai kamo jifan Alonso da ya yi sama, ya sauko ya ji ciwo a cinya, kafin nan ana cin sa ƙasa da maki biyu a kowane zagaye tara, bayan ya dawo abin ya lalace har ya yarda aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Syracuse a Satumba. An yi kusan wata biyu babu mai farawa da ke kai zagaye shida in ba David Peterson ba, shi ma daga baya ya gaji.

To idan mai farawa yana fita a zagaye na huɗu kullum, su wa za su cike sauran biyar ɗin? 'Yan karɓa. Yau su gobe su jibi su, hannu ba inji ba ne. Mets sun yi amfani da masu jifa sama da 40 bana, wasu a kira su da safe daga Syracuse su yi jifa da dare washegari a mayar da su. Yaronka yana ganin Mendoza ya fito ya ɗaga hannu ya kira wani an zo an ci shi sai ya ce manaja bai iya ba, amma ka tambaye shi wa zai kira? Wanda ya dace ya yi jifa jiya da shekaranjiya. Uwar gida ce aka kawo mata cefanen da babu nama ake tambayarta ina naman miya.

Kuma da aka zo ƙarshen Yuli lokacin da ake rufe kasuwa kowa ya san ciwon na masu farawa ne, Stearns bai ɗauko ko ɗaya ba, sai 'yan karɓa da Cedric Mullins. Ryan Helsley da aka ɗauko daga St. Louis da sunan maganin matsala shi ya zama matsalar, sama da maki bakwai ake cin sa a zagaye tara. Ƙarshenta yara uku sababbi, McLean da Tong da Sproat, su aka ɗora wa ƙungiyar miliyan 340 a ka a watan da ya fi kowane zafi. McLean ya burge ba ƙarya, amma wannan ba tsari ba ne, Allah ne ya rufa asiri.

Ni fahimtata Stearns ya zo da ɗabi'ar ƙungiyar Milwaukee inda ya yi shekaru yana aiki da kuɗi kaɗan, ba ya son ba mai jifa doguwar kwangila, ya fi son ya tsinto mai araha ya gyara. A 2024 dabarar ta ci har muka kai wasan kusa da na ƙarshe Dodgers suka fitar da mu, kowa na ce masa gwani. Bana ba ta ci ba. Shi kansa ya fito gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin, ka ga kuwa ba ni na ƙaga masa ba.

Dan_Tawa_Bronx

Hahaha sannunku da haƙuri maƙwabta. Mu 'yan Yankees nan titi na 161 lahiya lau muke, mun ci 94 mun fidda Boston, ku kuma kuna gida kuna lissahi awa 'yan kasuwan da sunka karye.

Ni dai abin da ni gani ba manaja ba ne ba Stearns ba ne, gidan ne. Ku tuna 2007, kuna gaba da wasa bakwai saura wasa 17 a gama, kunka zubar, kuma wa ya rufe ku ranar ƙarshe? Marlins. 2008 ranar ƙarshe wa ya rufe ku? Marlins. Bana kuma Marlins. Shin mi kunka yi ma mutanen Florida haka? Rabonku da kofi tun 1986, lokacin ko makarantar allo ban shiga ba.

Kuma kun ɗauke muna Soto kuna ta rawa kuna cewa garin ya zama naku, to ga shi nan ku ci. Amma in hwaɗi gaskiya don Allah, yaron bai cuce ku ba, hom-ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katanga, 43 ya buga ya saci tasha 38, a wurinmu ma 41 ya yi. Wanda duk ya ce laihin Soto ne bai kalli wasa ba.

Batun korar manaja kuwa ai kun gwada. 2022 Buck Showalter ya ci muku wasa 101 anka ba shi kyautar manajan shekara, 2023 da albashin da ba a taɓa gani ba kunka ƙare 75 da 87 anka sallame shi. Shin cikin wata goma sha biyu tsohon ya manta wasan ne? Ko shi ya ce ma mai jifanku Edwin Díaz ya yi tsallen murna a wasan Puerto Rico ya ɓalle gwiwa tun Maris? Shi ya sayo masu jifa Verlander mai shekara 40 da Scherzer mai 38 kowane ana ba shi miliyan 43 a shekara? An kore shi don sabon maigida ya zo shina son nashi mutum, shi ke nan. Mendoza kuwa mutumin Stearns ne, daga wurinmu ma ya ɗauko shi, in ya kore shi kansa ya tona ma asiri.

Injiniya_Jersey

Ɗan Tawa ka yi a hankali da dariya, wanda ya ga zagaye na biyar na wasa na biyar na karawar ƙarshe ta cin kofi da Dodgers bara bai kamata ya yi wa kowa gori ba, kuna gaba 5 da nema Judge ya saki ƙwallon da ɗan firamare zai kama, Cole ya tsaya yana nuni da yatsa maimakon ya ruga tasha, kofi ya tafi a gidanku. Kuma rabonku da shi tun 2009. Amma maganarka ta Showalter gaskiya ce ban musa ba, kuma ka tuna min wani abu, a 2023 ɗin nan ƙungiyoyi uku da suka fi kowa kashe kuɗi, Mets da Yankees da Padres, babu wadda ta tsallake. Padres ma abin tausayi ne, sun fi abokan karawarsu maki sama da ɗari a jimla amma wasannin da aka tashi da bambancin maki ɗaya sun ci 9 an ci su 23, wannan wa za ka kama? Wani abin sa'a ce kawai, ƙwallon Alonso da Alhaji ya ba da labari da ta karkata taku biyu da yanzu ba ma wannan hirar.

Maman_Ilham

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar maza, ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi kuma akwai wani tsoho da nake kula da shi wanda tun 1969 yake Mets, ba ya barci sai an kunna masa wasan, to ta haka na kalli wasannin bana da yawa fiye da yadda na so.

Yaya Injiniya duk abin da ka faɗa na yarda amma kun wanke 'yan wasan nan tas kamar ba su ne a filin ba. Kuma wannan sa'a da kake cewa, eh ranar ƙarshe sa'a ce, amma waye ya kai su ga sai ranar ƙarshe? Wasa ɗaya tak ake nema cikin 162. Sun yi takwas a jere ana cin su a Satumba. Duk shekarar nan idan ana gaba da su bayan zagaye na takwas ba su taɓa farkewa sun ci ba ko sau ɗaya, sau 70 fa, alhali ga Lindor ga Soto ga Alonso ga Nimmo a jere. Wannan ba masu jifa ba ne, sanda ce a hannun manya. Ga sakin ƙwallo ga jifan da ba ya zuwa hannu, shi kansa ciwon Senga ai jifan banza ne ya jawo shi. Har Soto ɗin da Ɗan Tawa ke karewa, na gan shi a Boston a watan Mayu ya buga ya tsaya yana kallon ƙwallo ya ɗauka ta fita, ta bugi katanga ta dawo ya ƙare a tasha ta ɗaya, tsohon nan sai da ya jefi talabijin da filo.

Kuma ni ban yarda manaja ba shi da laifi kwatakwata ba. In bara da suka fara da cin 22 ana cin su 33 suka farfaɗo an yaba masa an ce ya iya riƙe yara, to bana da suka yi wata uku da rabi suna zamewa bai iya tsayar da su ba dole ya karɓi nasa kason. Ba zai yiwu daɗi naka ɗaci na wani ba. Ban ce a kore shi ba. Amma wallahi na gaji da jin sa kullum bayan wasa yana cewa muna da ƙwararru za mu gyara, tun Yuni ake za mu gyara.

Su kuma kococin da aka sallama ni tausayi suka ba ni, shi kocin jifan Jeremy Hefner watanni biyun farko da masu jifansa suka fi na kowa ana ta kiran sa mai sihiri.

Direban_Queens

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa yaron duka da daddare ina fassara masa inda Hausar ta fi ƙarfinsa, na Ɗan Tawa ma sai da ni kaina na karanta sau biyu. Ya ce Maman Ilham ce kaɗai ta san wasa a cikinku, don ita ce ta taɓa Mendoza, sauran maganarta ta 'yan wasa kuma ya yi kamar bai ji ba saboda rigar Lindor ce a jikinsa.

Ni har yanzu ina kan Stearns, amma Hajiya kin sa na rage masa kaɗan, wannan 70 ɗin ban san da ita ba kuma ta tsaya min a wuya. Abin da na lura babu wanda ya taɓa Cohen a cikinku, ko don shi ne mai biya? Mutumin da ya sayi ƙungiyar a 2020 ya ce in bai ci kofi cikin shekara uku zuwa biyar ba zai ji ba daɗi, to ga biyar ɗin ta cika. Ya dai fito ya ba magoya baya haƙuri, kuma ba a ce ya yi rowa ba, amma shi ya zaɓo duk waɗannan mutanen, kuma Milwaukee da Stearns ya baro da ɗan kuɗinsu su suka fi kowa cin wasa bana, 97. Jiya na ɗauko wani fasinja daga Flushing da hular Mets na tambaye shi laifin wa, ya ce laifin babansa ne da ya haife shi a Queens.

Yanzu kuma sabuwar fitina, Alonso ya ce zai fita daga kwangilarsa ya shiga kasuwa, mutumin da a Agustan nan ya karya tarihin hom-ron na Darryl Strawberry a ƙungiyar. Yaron ya ce in aka bari ya tafi shi ya bar Mets har abada. Injiniya kai da ka san lissafin, a biya shi ko a kai kuɗin wajen masu jifa?

Dan_Tawa_Bronx

Alhaji ka ce ma yaron in ya bar su ya hau jirgi mai lamba 7 ya sauka Grand Central ya canza zuwa mai lamba 4, ina nan bakin hili ina jiran shi, hula ni za ni saya mishi.